Ku Tambayi Malamin Lab: Saƙon da ya ƙi tsayawa a cikin ƙwayar kansa

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan wasiƙun kamar an haɗa baki, kusan duka akan ciwon daji ne, sai na tsinci guda biyar da naga suna da dangantaka da juna. Na sha faɗa kuma zan sake faɗa, ni ba likita ba ne, mutumin lab ne, gemuna ya yi fari a gaban kwalabe da firiza, don haka abin da zan iya shi ne bayani, rubuta magani kuwa aikin likitanku ne.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina aji huɗu ne a bayokemistiri, sufabaiza na ya bani taken semina akan yadda ake amfani da furotiyomiks wajen bin diddigin saƙonnin da ƙwayoyin jiki ke aikawa a ciwon kansa, wlh na karanta takardu sun fi goma kaina har ciwo yake ban gane komai ba kuma saura sati uku. Ni abin da ya ɗaure min kai, tunda an riga an karanta DNA ɗin ɗan adam gaba ɗaya, me kuma ake nema a jikin furotin? Daga wata ɗaliba, Samaru.

AMSA: 'Yata, wannan tambayar taki ta ƙarshe ita ce seminar gaba ɗaya, da ita zaki buɗe ranar, ki bar musu ita a allo minti ɗaya kafin ki ce komai.

Ki shiga cikin birni wajen masu ɗinkin babbar riga ki ce maigidan ya nuna miki littafin awonsa. Zaki ga sunan kowa da tsawonsa da faɗinsa, na shekara ashirin ma yana nan. Amma littafin nan ba zai gaya miki wace riga ce ke kan keke yau ba, ko guda nawa aka yanka, ko wacce aka riga aka kai wa masu aikin hannu suka zuba mata aska takwas, ko wacce ɓera ya ci a sito. Toh DNA shi ne littafin awon. An gama karanta na mutum a 2003, aka tarar gurabun da ke ba da umarnin ƙera furotin kusan 20,000 ne kawai, mutane ma suka sha mamaki don an zaci sun fi haka nesa ba kusa ba. Furotin su ne rigunan, su ne kuma ma'aikatan, su ke narkar da abinci, su ke ɗaukar iska a jini, su ke kai saƙo. Kuma kowanne bayan an ƙera shi daga amino asid guda 20 ɗin nan da kika haddace a aji biyu, ana yanka shi, ana manna masa abubuwa, ana cirewa, sai guda ɗaya ya fito da kamanni da yawa. Furotiyomiks kawai yana nufin a ƙirga rigunan da ke shagon a wannan lokacin, dubbai a tashi ɗaya, maimakon a bi su ɗaya-ɗaya kamar yadda muka taso muna yi. Kalmar ma ba tsohuwa ba ce, wani ɗalibin digiri na uku ɗan Ostireliya, Marc Wilkins, shi ya fara furta ta a wani taro a garin Siena na Italiya a 1994. Ɗalibi ne fa kamarki.

Yanzu maganar saƙo. Jikin mutum yana da ƙwayoyin halitta, wato sel, sama da tiriliyan 30, kuma babu wadda aka yarje wa ta rabu biyu don ganin damarta, sai umarni ya zo daga waje. Ki ɗauka sel ɗin garin Zazzau ne da ganuwarsa, a jikin ganuwar akwai ƙofofi, Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, kowacce da mai gadinta. Ɗaya daga masu gadin sunansa EGFR. Manzo ya iso daga waje, wani ɗan ƙaramin furotin da ake kira EGF, ba ya shiga gari, a bakin ƙofa yake tsayawa ya kama hannun mai gadi. Mai gadi ya taɓa RAS, RAS ya tashi RAF, RAF ya tashi MEK, MEK ya tashi ERK, shi kuma ERK ya shige fada inda DNA yake ya ce an ce a hayayyafa. Kamar dai yadda magana ke sauka daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Akwai wata hanyar a gefe, PI3K zuwa AKT zuwa mTOR, ita kuma saƙonta shi ne ki ci, ki girma, kar ki mutu. Waɗannan biyun idan kika riƙe su kin riƙe fiye da rabin seminarki.

Toh da wane harshe suke magana? Nan ne daɗin yake. Naɗi ake yi. Akwai wasu furotin da ake kira kainez, aikinsu su ciro ɗan guntun fosfet daga ATP, wato batirin da sel ke aiki da shi, su ɗora wa na gaba da su, kamar an naɗa masa rawani, da zarar rawanin ya hau kansa sai ya samu ikon ba da umarni. Akwai kuma fosfatez, su masu tuɓe rawani ne, cikin daƙiƙoƙi ko mintoci sun sauke shi magana ta mutu. Edmond Fischer da Edwin Krebs su suka gano wannan naɗi da tuɓewar tun shekarun 1950, sai 1992 aka basu kyautar Nobel. A 2002 aka ƙirga kainez na mutum aka samu 518. Wurin da ake ɗora fosfet ɗin yawanci amino asid ɗin serin ne ko tireyonin, tayirosin kuwa ɗan kaɗan ne, bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, amma shi ne mai rikici a kansa. Wanda ya gano shi, Tony Hunter na cibiyar Salk a Amurka, a 1979, da bakinsa ya sha faɗin cewa ƙiwuyar haɗa sabon ruwan gwaji ce tasa ya yi amfani da tsoho, tsohon ya ɗan canja tsami, shi ne ya raba masa ɗigo biyu da kullum suke hawa kan juna. Kar ki je ki gaya wa teknolojis ɗinku ni na ce a riƙa aiki da tsohon ruwa.

Kansa a wannan mahangar saƙo ne da ya ƙi tsayawa. Ko dai mai gadin ƙofa ya yi yawa, ko RAS ya maƙale a tsaye ba ya zama, ko mai tuɓe rawanin ya mutu, sai cikin fada ake ta jin a hayayyafa, a hayayyafa, alhali babu manzon da ya zo. A kansar wata gaɓar ciki da ake kira fankiriyas, kusan 9 cikin 10 KRAS ɗinsu, wato ɗaya daga 'yan gidan RAS, ya lalace ta wannan hanyar. Gwajin DNA zai iya nuna miki cewa RAS ya lalace, wannan gaskiya ne. Abin da ba zai nuna ba shi ne wa ke sanye da rawani yanzu-yanzu, don rawanin ba a littafin awo yake ba. Kuma ko RNA ma, wato ɗan takardar da maigida ke kwafa ya ba yaron shago, ba ya faɗin gaskiya duka, shirin CPTAC na cibiyar kansa ta Amurka ya auna ƙarin kansar hanji a 2014 ya ga yawan RNA ba ya nuna yawan furotin yadda ake zato.

Yadda ake aikin kuwa, bari in bi da ke kamar muna tsaye a bakin benci. A ɗauko ɗan yankin ƙari daga firiza, a niƙe shi yana daskare, a zuba masa ruwan da zai fasa sel ya kuma kashe fosfatez ɗin nan kafin su tuɓe rawunan. A zuba tirifsin, irin wanda ke hanjinki yana narka nama, shi wuƙarsa a wuri biyu kawai take yanka, bayan laisin da bayan ajinin, don haka kowane furotin gutsattsarinsa sananne ne. Gutsattsarin da ke ɗauke da fosfet ba su da yawa, sai an tace su da garin taitaniyom ko na ƙarfe da ke kama fosfet kamar mayen ƙarfe. Sai a tura su ta wani bututu siriri kamar gashin kai, su riƙa fitowa a jere tsawon awa ɗaya ko biyu, a fesa su da wutar lantarki su zama tururi, su faɗa na'urar da muke kira mas-sifek. Ita ba ta gani, awo kawai ta iya, sikeli ce. Ta auna guntu, ta fasa shi, ta sake auna ɓaraguzan, kwamfuta ta haɗa lissafi ta ce wannan guntun ERK ne. Idan guntun ya fi yadda aka san shi nauyi da 80 a ma'aunin dalton, toh fosfet ne a kansa. Wannan 80 ɗin ki rubuta shi da jan biro, duk fannin a kansa ya tsaya. Dabarar fesawar John Fenn ne ya kawo ta, ya raba Nobel na 2002 da Koichi Tanaka na Japan, na'urar Orbitrap kuma, wani nau'in mas-sifek da zaki gani a kusan kowace takarda ta shigo kasuwa a 2005.

Misali biyu sun ishe ki. A 2006 ɗakin binciken Matthias Mann a Jamus suka zuba wa sel ɗin HeLa, wasu sel na kansa da ake reno a lab, manzon nan EGF, suka riƙa dubawa daga farko har minti 20, suka ƙirga gurabun fosfet 6,600 akan furotin sama da 2,000, wasu na hawa nan take wasu sai daga baya, aka ga ashe ba layi ɗaya ba ne kamar yadda muke zanawa a allo, saƙa ce. Na biyun ya fi taɓa marar lafiya, a 2007 wasu masu bincike a Amurka suka bi fosfet ɗin tayirosin a ƙarin huhu sama da 150, suka ci karo da kainez biyu, ALK da ROS1, suna ta aiki a wasu ƙarin inda babu wanda ya zaci zai same su. Yau akwai ƙwayar magani, crizotinib, da aka amince da ita don masu ALK a 2011, masu ROS1 a 2016.

In an tambaye ki raunin fannin, kar ki ce babu. Na'urar ta fi ganin furotin masu yawa ta tsallake 'yan kaɗan, kuma masu kai saƙon galibi 'yan kaɗan ne. Ƙarin da aka niƙa ya haɗa da jini da kitse da lafiyayyun sel. Sannan ganin rawani akan mutum ba ya nufin shi ke juya garin, dubban gurabun fosfet ɗin nan har yau ba a san kainez ɗin da ya naɗa su ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Yayata aka yi wa aikin nono aka ce kansa ne, yanzu likita ya ce sai an kai naman an yi wani gwaji wai ER, PR da HER2 kafin a san maganin da za'a ɗora ta, kuma kuɗin ba kaɗan ba. Ba an riga an ce kansa ne ba? Ni dai ina ganin kamar hanyar cin kuɗi ce, gara mu tara kuɗin mu sayi allurar kemo. Daga wani ɗan kasuwa, Tudun Wada.

AMSA: Allah ya ba yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗan'uwa na fahimci zafin aljihu, amma a duk kuɗin da zaku kashe a wannan jinyar, in da za'a ce in zaɓi wanda ba za'a taɓa ba, wannan gwajin zan zaɓa. Kansar nono suna ɗaya ne amma cuta ce kala-kala, kuma abin da ya raba su shi ne wane furotin ne ke ingiza ƙarin. Gwajin nan ƙanin furotiyomiks ɗin da na yi wa ɗalibar sama bayani ne, su suna duba dubbai, mu muna duba uku, ana yanka naman siriri a shafa masa wani sinadari da ke kama furotin ɗin ya bar launin ƙasa-ƙasa, likitan nama ya duba a madubi.

Idan ER ya fito, ma'ana ƙarin da sinadarin mata na estirojin yake rayuwa, PR kuwa abokin tafiyarsa ne na sinadarin furojestaron, toh akwai tamoxifen, ƙwaya ɗaya a rana shekara 5 zuwa 10, kuma tana cikin masu sauƙin kuɗi a magungunan kansa. Idan HER2 ne, shi ɗan'uwan mai gadin ƙofar nan ne EGFR, sai dai ya yi yawa a jikin ganuwa har suna tada juna ba tare da manzo ba, wannan kan faru a kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu kansar nono. Dennis Slamon ya nuna muninsa a 1987, maganinsa trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin, ya fito a 1998, yana da tsada sosai kuma sai ana duba zuciya ana bayarwa. Sakamakon zai zo da 0, 1+, 2+ ko 3+, 3+ shi ne tabbas, 2+ kuwa sai an ƙara wani gwajin. Idan duka ukun babu, toh kemo ne ginshiƙi, kuma wannan nau'in ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago, wadda a Ibadan ta yi karatun likita, ta daɗe tana aiki a kansa. Ka ga kenan ba tare da gwajin ba za'a iya sayar da gona a sayi maganin da ba shi da abin kamawa a jikinta, ko a bar mai arha wanda zai yi mata aiki.

Amma ga inda nake so ka buɗe ido, kuma wannan daga abin da na gani ne. Wata rana wani bawan Allah ya shigo min da leda baƙa, a ciki kwalbar man shafawa ce, a cikin kwalbar naman matarsa da aka cire a wani asibiti a wani gari, kwana huɗu kenan, an zuba masa ruwan gishirin ƙarin ruwa maimakon fomalin, wato ruwan da ke hana nama ruɓewa, ya hau mota da shi cikin zafin watan Afrilu. Ina buɗewa wari ya gaya min komai, naman ya yi laushi kamar dafaffiyar kabewa. Ya ce Malam a taimaka a duba. Me za'a duba? Furotin ɗin sun narke, in ma an yi gwajin zai iya fitowa babu-babu-babu alhali akwai, a hana mace maganin da ya dace da ita. Ƙa'idar ita ce naman ya shiga fomalin cikin awa ɗaya da cire shi, fomalin ya ninka naman yawa sosai ya rufe shi ruf, in babba ne a tsaga shi don ruwan ya ratsa, ya zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Don haka ka tambaya cikin ladabi, yaushe aka cire, yaushe aka sa a fomalin, a rubuta a jikin takarda. In an riga an mayar da naman ɗan dunƙulen kakin da ake adana shi a lab, shi ke nan hankali kwance, yana shekaru bai lalace ba, shi zaku karɓa ku kai, kuma kar ku yar da shi bayan an gama. Nan kusa da ku a Shika akwai sashen masu kansa da na duba nama, ku bi ta hannun likitanta.

TAMBAYA: Malam ƙanina yana da kansar jini CML, shekara shida yana shan Glivec lafiya lau har ya yi aure, yanzu an ce jinin ya fara hawa kuma. Maganin jabu ne aka fara bashi ko jikinsa ne ya saba da shi? Daga wata malamar firamare, Wusasa.

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari. Wannan maganin da kika ambata shi ne zakaran gwajin dafi na duk abin da muke magana. A CML, wasu igiyoyin gado biyu, na 9 da na 22, ke musayar guntu, Janet Rowley ta gano haka a 1973, sai haɗin ya haifi wani kainez da Allah bai halicci lafiyayyen sel da shi ba, BCR-ABL, wanda ke ta naɗi ba dare ba rana. Imatinib, wato Glivec, yana shiga ramin da ATP ke zama ya toshe shi. An amince da shi a 2001, kuma ya mayar da cutar da ke kisa cikin 'yan shekaru ta zama wadda ake zama da ita, shekaru da dama mutanenmu na tafiya har asibitin koyarwa na Ile-Ife don karɓarsa.

Abu na farko da likita zai tambaya, kuma ke ma ki tambaye shi a keɓe ba a gaban amarya ba, yana sha kullum? Mutum in ya ji garau sai ya fara tsallake kwana biyu, ko magani ya yanke a yi wata kafin a samo, wannan kaɗai ya isa. In ba haka ba ne, toh ba jikinsa ne ya saba ba, sel ɗin kansar ne suka canja kwado. Amino asid ɗaya tak ya sauya a bakin ramin sai mukullin ya daina shiga. Akwai magungunan da suka biyo baya, dasatinib a 2006, nilotinib a 2007, akwai kuma wani sauyi mai taurin kai da ake kira T315I wanda waɗannan biyun ma ba sa kama shi sai irin su ponatinib. Gwajin jini ne zai bambance, don haka kar ya daina sha kar kuma ya ƙara da kansa, ya koma wurin likitan jini da wuri.

Akwai hanya ta biyu da kansa ke kuɓucewa, wadda ta fi bani mamaki, ko da ba lallai ita ce ta ƙaninki ba. Kin san in Kwangila ta cushe, mai mota ne ke tsayawa yana huci, ɗan acaɓa tuni ya bi lungu ya ɓulla gaba. An yi wani magani vemurafenib da ke toshe BRAF, wani ɗan gidan RAF da kan samu lahani a wasu kansar, ya fito a 2011, a kansar fata kusan rabin masu wannan lahanin ƙarinsu ya ja baya. Aka ba masu kansar hanji masu lahani iri ɗaya sak, harafi ɗaya, amma kusan babu abin da ya yi. A 2012 masu bincike a Holan ƙarƙashin René Bernards suka gano dalili, ana toshe BRAF sai EGFR na bakin ƙofa ya sha rawani ya turo saƙon ta wani lungun. DNA iri ɗaya, hali daban, sai da aka duba fosfet aka gani. Da aka haɗa magani biyu, ɗaya a hanya ɗaya a ƙofa, aka samu sa'ida, aka amince da haɗin a 2020. A 2012 ɗin dai wasu a Jami'ar Arewacin Karolina suka sa mas-sifek suka kalli kainez da yawa a tare a kansar nono mai babu-babu-babu, suka toshe MEK, cikin kwana ɗaya wasu kainez da ke barci suka farka.

TAMBAYA: Wasu sun zo unguwarmu da na'ura a jaka, wai ka riƙe wani ƙarfe ko a ɗiga jininka ta faɗi ko kana da kansa kowace iri ce, dubu biyar. Gaskiya ne? Daga wani magidanci, Sabon Gari.

AMSA: Riƙe dubu biyar ɗinka ka sayo wa yara kifi. Neman alamar kansa a jini na daga mafi wuyar aiki a wannan fannin, don albumin kaɗai ya kai rabin furotin ɗin ruwan jini, abin da ƙaramin ƙari ke zubarwa kuwa kamar ka jefa ƙwayar gero ɗaya a dam ɗin Shika ne ka ce a nemo. Manya ma sun faɗi a nan. A 2002 mujallar Lancet ta buga wani aiki da ya ce mas-sifek ta gane kansar ƙwan mace daga ɗigon jini kusan ba kuskure, duniya ta ɗauka, da masana lissafi suka sake duba alƙaluman sai aka ga bambancin ya fi kama da na yadda aka sarrafa samfuran, ba na cutar ba. Waɗanda ake amfani da su da gaske, irin PSA na furostet da ke ƙasan mafitsarar maza da AFP na hanta da CA-125 na ƙwan mace, kowanne yana hawa a wasu cututtukan da ba kansa ba, shi yasa ba'a yanke hukunci da su su kaɗai. In kana son abin da zai amfane ka a nan ƙasar, yi gwajin ciwon hanta nau'in B, in kana da shi likita zai tsara maka sikanin da AFP lokaci-lokaci, ka guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, 'yan matanka masu shekara 9 zuwa 14 kuma a yi musu rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke kawo kansar bakin mahaifa, wanda aka fara bayarwa a Najeriya a Oktoban 2023.

TAMBAYA: Tunda furotin ke kawo kansa, mu daina cin ƙwai da wake kenan? Daga wani ɗan sakandare, Gyallesu.

AMSA: A'a yarona, ci ƙosanka. Wanda ka ci ciki ke narkar da shi ya koma amino asid, jiki ya ƙera nasa da kansa. Marar lafiyar da ke kan kemo ma ya fi kowa buƙatarsa, masu hana su nama da ƙwai wahalar da su kawai suke.

Bari in koma kan ɗalibar Samaru, don a ƙasan wasiƙarta ta ƙara layi ɗaya da ban kawo a sama ba, wai Malam mu da ko wuta bata zama, ina mu ina wannan? Gaskiya ne na'urar kuɗinta ya kai ɗaruruwan dubban daloli, tana son wuta ba yankewa da sanyi da iskar gas mai tsabta da injiniya a kusa, kuma ni na taɓa rasa samfuran wata takwas a dare ɗaya saboda janareto ya mutu firizar da ya kamata ta zauna a 80 ƙasa da sifili ta narke, da safe na tarar da ruwa a ƙasa, na zauna akan kujera na kasa ko salati da ƙarfi. Fosfet ya ma fi haka saurin gudu, 'yan mintoci bayan an yanke wa nama jini rawunan sun fara canjawa, shi yasa masu wannan aikin ke tsayawa a ƙofar tiyata da tulun ruwan naitirojin mai sanyin 196 ƙasa da sifili. Su kansu Amurkawan da suka auna ƙarin nono 105 a aikin CPTAC na 2016, guda 77 ne kawai suka ba da sakamako mai kyau.

Amma alƙaluman da suka tara a buɗe suke kyauta. Akwai rumbun PRIDE da ke Ingila inda masu bincike ke zuba ɗanyen sakamakonsu, na CPTAC ma yana intanet, manhajar MaxQuant da Perseus ba'a biyan ko kwabo, abin da kike buƙata laftof mai ɗan ƙarfi da data da haƙurin koyon manhajar lissafi ta R. Marigayi Farfesa Andrew Nok a nan Samaru ya yi aikinsa akan wani furotin na ƙwayar cutar sammore har ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009, a wannan sashen naku. Kuma yawancin naman da ke cikin rumbunan can ba na mutanenmu ba ne, wanda duk ya iya tattara samfur mai kyau a nan, da lokacin cirewa a rubuce da izinin marar lafiya da na kwamitin ɗa'a, masu na'urar a Afirka ta Kudu ko Jamus za su saurare shi. Ki zana hanyar RAS ɗin da hannunki sau biyar kafin ranar, kar ki cika silaid da rubutu, in kin gama ki aiko min da tambayoyin da suka yi miki, musamman wadda kika kasa amsawa.

Mai tambaya akan gwajin jinin aure daga Hanwa, wasiƙarka ta iso, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.